Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Masu Sana'ar Yawon Buɗe Ido Za Su Kai Kukansu Gaban 'Yan Siyasa da 'Yan Jarida

Wannan shafi na waɗanda ke cin abinci daga zuwan baƙi ne: masu masauki da otal, 'yan jagora, masu motocin da ke kai ɗalibai ziyara, marina, dukawa, masu sayar da tsaraba, da masu abinci a bakin wuraren tarihi. Misalan na arewacin Najeriya ne, amma wanda ke Damagaram ko Agadas ba zai rasa abin ɗauka ba.

Ɗan masauki gare ni mai ɗaki 12. Ina ruwana da ɗan siyasa?

Da ruwanka kuwa. Baƙo ba ɗakinka ne ya kawo shi gari ba. Hawan Sallah ne, ko kamun kifi, ko ganin giwaye, kuma kusan duk abin da ke kawo shi a hannun hukuma yake. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, sai da ya yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Duk tsawon wannan lokaci, mai masauki a Birnin Kebbi da mai kwalekwale a kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, da mai tsire a bakin fili hannu suka naɗe. A Kano ma 'yan sanda sun hana hawan Sallah a 2024 da 2025 saboda rikicin masarauta, kuma mai ɗinkin kayan doki da mai hayar ɗaki duk sun ji a jikinsu.

Ba wai da an tambaye ku za a fasa ba. Wani lokaci maganar tsaro ce, kuma rai ya fi kuɗi. Amma a wurin da ake yanke irin wannan shawara, da wuya a samu mai tashi ya ce ga adadin mutanen da abincinsu zai tsaya. Haka hanya, wuta, shara da haraji: wani ne ke sa hannu, ku kuma ku wayi gari da sakamakon.

To wa za mu fara gani? Gwamna?

A'a. Yawancin ƙungiyoyi nan suke ɓata shekara guda, suna jiran a ba su ranar ganin gwamna kan abin da darakta zai iya sa wa hannu. Kafin a ɗinka sabuwar riga, a fara gano wanda abin yake a hannunsa.

Rajistar otal da lasisinsa da sa masa ido aikin jiha ne. Kotun Ƙoli ta yanke haka a watan Yulin 2013 a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, inda ta ce hurumin tarayya bai wuce shige da ficen baƙi 'yan ƙasashen waje ba. Saboda haka wanda ya kwashi koken lasisi ya nufi Abuja ya yi asarar kuɗin mota. Abuja tana da nata: biza, tallata ƙasa a waje ta hannun hukumar NTDA, horar da ma'aikata ta hannun NIHOTOUR, da ma'aikatar da aka keɓe wa yawon buɗe ido a 2023, aka kuma haɗe ta da ta al'adu a watan Oktoban 2024.

Wuraren kansu ma ba mai su ɗaya ba ne. Gidan Makama da ganuwar Kano suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Gidan Ɗan Hausa kuwa na jihar Kano ne. Gandun dajin Gashaka-Gumti na tarayya ne, amma Yankari, da ta zama gandun dajin ƙasa a 1991, an mayar wa jihar Bauchi ita a 2006. Kwalbati, juji, rumfunan kasuwa da masu zuwa da rasit iri-iri, yawanci ƙaramar hukuma ce. Hawa da duk abin da ya shafi fada kuwa, ta ƙofar mai unguwa da dagaci da hakimi ake shiga, kuma wanda ya tsallake su zai sha zaman jira.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kwamishina baƙo ne a ma'aikata, yau yana nan gobe an yi garambawul. Darakta da babban sakatare su ne 'yan gida, su ne ke rubuta takardar da kwamishina zai karanta. Da ɗan gari akan ci gari.

Ni kaɗai zan je, ko sai mun haɗu?

Ku haɗu. Mutum ɗaya in ya shiga ofis, ɗaukarsa ake yi mai neman alfarma. Ƙungiya mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, mai takarda da hatimi da jerin sunayen mambobi, ita ake ba kujera a zaman jin ra'ayin jama'a. Akwai uwar ƙungiyoyin wannan fanni ta ƙasa, FTAN, amma ba sai kun jira ta ba.

Kada ƙungiyar ta zama ta masu manyan otal kawai. A sa marini, a sa baduku, a sa direba, a sa mai tuwo. Ɗan majalisa ya san masu otal ba su da yawa a akwatin zaɓe, amma ya san yawan 'yan Adaidaita Sahu.

In mun samu shiga, me za mu ce masa?

Duk abin da za ku faɗa, kada ku fara da cewa Allah ya albarkace mu da tarihi da al'adu. Ya sha ji, shi ma yana faɗa a kowane taro, kuma bai taɓa sa shi ya fitar da ko kwabo ba. A kunnen ɗan siyasa yawon buɗe ido biki ne da shaƙatawa, abin da ake waiwaya bayan an gama da asibiti da taki. Aikinku shi ne ku nuna masa sana'a ce mai ciyar da gidaje a mazaɓarsa.

Ku ɗauki mota guda ta 'yan makaranta da ta tsaya a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Yaran sun sauko sun kewaye ramin baba, marini ya tsoma ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa shuɗi a gaban idonsu. Daga can gefe ana jin ƙarar masu bugu. Kafin motar nan ta tashi, marini ya sayar da ƙyalle, matar da ta yi ƙullin zanen a cikin gida ta samu rabonta, mai ruwan leda ya yi ciniki, mai awara ta juye kaskonta, ɗan jagora ya karɓi nasa, direba ya sha mai. Daga nan sai Gidan Makama, sai kasuwar Kurmi, sai Dutsen Dala. Wannan shi ne labarin da za a kai ofis, amma da lissafi.

Lissafin kuwa ku za ku yi shi da hannunku. Kowane mamba ya ajiye littafin baƙi na wata uku: daga ina suka zo, kwana nawa suka yi, me ya kawo su. A ƙirga ma'aikata, na dindindin da na lokacin Sallah. A tattara rasit ɗin duk harajin da aka biya a shekara. Kada a ɗauko alƙaluman da aka gani a intanet na biliyoyin da wata ƙasa ke samu, don ba su da alaƙa da layinku, kuma in aka tambaye ku inda kuka samo su kunya za ku ji. Ƙaramin adadi na gaskiya da za ku iya karewa ya fi.

In kun yi wannan ƙidaya za ku ga wani abu da zai gyara muku magana: yawancin baƙinku ba Turawa ba ne. Ɗalibai ne, iyalai lokacin hutun Sallah, 'yan biki, mahalarta taro, 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da kudancin ƙasa. Wannan ya fi shiga kunnen ɗan siyasa, don mutanen da ya sani ne.

Me za mu roƙa?

Abu ɗaya, ƙarami, mai farashi, wanda za a iya gamawa kafin wa'adinsa ya ƙare. Ban-ɗaki mai ruwa, ɓangaren mata daban. Wurin alwala da sallah. Gyaran ɗan guntun titin da ya rage a isa wurin. Fitilu masu aiki da hasken rana. Allon kwatance da Hausa da Turanci. Kwashe jujin da ke bakin ƙofa. Haɗe harajin da ake karɓa kashi-kashi ya zama takarda guda.

Na san ban-ɗaki ba ya daɗin faɗa a gaban babban mutum, amma duk malamar da ta taɓa rako 'yan mata 50 ziyara za ta gaya maka shi ne ke sa ta sake dawowa ko ta haƙura. Abin da ban ba da shawara ba shi ne roƙon a shirya muku gagarumin biki. Gwamnati tana son biki, don akwai kwangilar rumfa da hula da hoto. Kwana uku an watse, rabin kuɗin ya tafi wurin 'yan kwangilar da ba 'yan garin ba, wurin kuma ya koma yadda yake. In biki ne na asali irin na Argungu, abin roƙo shi ne a tsayar da ranarsa da wuri a sanar, don mai shirya wa baƙi tafiya yana bukatar watanni.

Akwai kuma roƙon da ba ya cin kuɗi: ma'aikatar ilimi ta sa ziyarar wuraren tarihi cikin tsarin zangon karatu. Sa hannu ɗaya ne, amma motoci ne za su riƙa zuwa duk shekara.

Akwai lokacin da ya fi dacewa?

Akwai. Ma'aikatu suna haɗa bukatunsu na baɗi tun daga tsakiyar shekara, gwamna kuma yakan kai kasafin kuɗi majalisa wajajen ƙarshenta, sannan kwamitoci su kira ma'aikatu kare kasafi. Wanda ya zo a watan Janairu ya makara, sai dai a ce masa babu shi a kasafi, kuma gaskiya aka gaya masa. Ku kai takardarku ma'aikata da damina, ku bi ta wurin shugaban kwamitin majalisa mai kula da fannin kafin zaman kare kasafi. Ɗan majalisarku kuma yana da ayyukan mazaɓa, inda fitila da rijiyar burtsatse suka fi saurin shiga.

Lokacin kamfe ƙofa a buɗe take, alkawari kuma araha. Ku karɓa, amma a gaban makirufo.

Yaya takardar za ta kasance?

Shafi ɗaya. Ku su waye, ku nawa ne, me kuke so, nawa zai ci, wa zai amfana. A haɗa da hoto biyu ko uku na yadda wurin yake yanzu. A yi kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan naku da kwanan wata.

A wurin ganawa mutum uku sun isa, ɗaya ya yi magana. A ba kowa girmansa: "Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe," ko "ranki ya daɗe, Hajiya," hakimi kuma "Allah ya taimake ka." Amma kada gaisuwa da kirari su cinye mintunan da aka ba ku. Kafin ku tashi ku tambaya: "Ranka ya daɗe, wa za mu riƙa tuntuɓa a kan wannan?" A rubuta sunan a gabansa. In da hali ku gayyace shi ya zo wurin da kansa, ba ranar biki ba, ranar da ba a share ko'ina ba. Gani ya kori ji.

Dole ne sai mun nuna muna tare da jam'iyya mai mulki?

Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa, amma ƙungiya kada ta sa hular kowa. Wurin da aka san shi da jam'iyya, ranar da mulki ya juya shi ma an juya masa baya. Ku gayyaci mai ci, ku gayyaci ɗan adawa. Kuma kada ku ɗauki sojojin baka su shiga rediyo su yi muku yaƙi: yau za su yabe ku, gobe maganarku ta zama abin jifan wani, ku kuma ku rasa kunnen ɓangare guda.

'Yan jarida ba sa zuwa sai an ba su na mota. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, don da yawansu albashin bai taka kara ya karya ba. Amma a raba abu biyu. Talla daban, labari daban. In sanarwa kake so a karanta yadda ka rubuta ta, ka je sashen kasuwanci na gidan rediyo ka biya, a ba ka rasit. Wannan ciniki ne halal. Labari kuwa edita ne ke yanke ko ya isa a sa, kuma labarin da ambulan ya saya yakan fito sau ɗaya a lungu ya mutu.

Ɗaukar nauyin mota da abinci in kun gayyaci 'yan jarida su zagaya wurare ba laifi ba ne, matuƙar ba ku gindaya musu abin da za su rubuta ba. Abin da ya fi kuɗi amfani shi ne ku zama mutanen da ɗan jarida zai kira ƙarfe tara na dare su ɗauka, su ba shi adadi daidai, su haɗa shi da wanda zai yi magana. Wanda ya samu haka a wurinku zai dawo ba tare da an kira shi ba.

Wane irin labari ne suke ɗauka?

Ba "ƙungiya ta yi kira ga gwamnati" ba. Irin wannan guda nawa ke zuwa teburin edita kullum. Suna son mutum, suna son sabon abu, suna son abin da za a gani ko a ji. Dattijon da ya gaji rini kaka da kakanni kuma 'ya'yansa sun ƙi zama. Budurwar da ta koyi jagorancin baƙi tana bayani da harshe uku. Wani ɓangaren ganuwa da aka wayi gari an yanka an sa harsashi. Ruwan Wikki na dajin Yankari da ke nan da ɗuminsa, kusan digiri 31, rani da damina, da yaran Alƙaleri da ba su taɓa shigarsa ba.

A kuma lura da kalanda. Ranar 27 ga Satumba ita ce ranar yawon buɗe ido ta duniya, kuma kowace kafa tana neman wanda za ta yi hira da shi. Haka makon Sallah. Ku tuntuɓe su mako biyu kafin nan, da hotuna masu kyau da lambar wanda zai yi magana.

Rediyo ko soshiyal midiya?

Ya danganta da wanda kake son ya ji. In ɗan siyasa ne, rediyo. A Kano, koken da ya fito a shiri irin Inda Ranka na gidan Freedom yakan isa ofis kafin takarda ta isa. Aminiya da sassan Hausa na BBC, DW da RFI suna kai magana nesa, har Nijar da Ghana. In kuwa baƙo kake nema, matashi mai shirin fita da abokai ko iyali, to yana Facebook da TikTok da Instagram, kuma bidiyon minti ɗaya da aka ɗauka da hasken safe ya fi masa dogon jawabi. A sa farashi, a sa kwatance, a sa lambar da ake ɗauka. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, musamman mata da cikin fada.

In ɗan jarida ya tambaye mu batun tsaro fa?

Ku faɗi gaskiya. Ingila da Amurka suna gargaɗin mutanensu kan zuwa jihohi da dama na arewa, kuma 'yan gida ma sun san hanyoyin da ba a bi da yamma. Wanda ya ce ko'ina lafiya lau, ranar da wani abu ya faru ya gama zubar da mutuncinsa da na abokan sana'arsa. Amsar da ta fi ita ce ta dalla-dalla: ga inda muke kai mutane, ga hanyar da muke bi, ga lokacin da muke tashi, ga inda muka daina zuwa sai hali ya gyaru. Arewa ba gari ɗaya ba ce, kuma ku ne za ku iya nuna bambancin da taswirar ofishin jakadanci ba ta nunawa.

Mutanen unguwa da wasu malamai suna yi wa harkar otal wani irin kallo. Wannan zai hana ɗan siyasa tsaya mana?

Zai iya, don ba ɗan siyasar da ke son a gan shi yana kare abin da liman ya yi huɗuba a kai. Maganin ba musu ba ne. Ƙungiya ta rubuta ƙa'idojinta, ta ladabtar da mamban da ya karya, ta zauna da mai unguwa da limamai da Hisbah a inda take, tun kafin a samu matsala. In za a je ofis, samun dattijon unguwa ɗaya a cikin tawaga ya fi doguwar takarda.

UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa wurinmu ko bikinmu a jerinta. Kuɗi za su zo ke nan?

Ba albashi ba ne. Sukur a Adamawa ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, tsohon birnin Agadas a 2013, bikin Argungu ya shiga jerin al'adun gado a 2016, hawan Sallar Kano kuma a watan Disambar 2024. Abin da shiga jerin ke bayarwa shi ne suna, da kuma hujja: gwamnati ce da kanta ta nema, ta kuma ɗauki alkawarin kulawa. Wannan alkawari shi za ku riƙa tuna mata da shi cikin ladabi, a takarda da kuma a rediyo.

An yi mana alkawari, wata shida shiru. Mu fito mu fasa ƙwai?

Tukuna. A fara duba ko aikin ya shiga kasafi, don jihohi da dama suna sa kundin kasafinsu a intanet. In ya shiga, saura sakin kuɗi, wanda shi ma yaƙi ne mai zaman kansa, kuma a nan darakta da ofishin kasafi suka fi amfani. In bai shiga ba, a sake rubutu, a manna kwafin takardar farko mai hatimi, a ambaci ranar da aka yi alkawarin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce, kuma ambatonta kawai yakan sa a nemo fayil.

In an yi tuni biyu ba amsa, sai a je rediyo, amma da takardu a hannu, ba da zagi ba: ga abin da aka ce, ga ranar, ga yadda wurin yake yau. A bar masa ƙofar da zai fito ya cika ba tare da ya ji an tozarta shi ba. In kuma ya cika, ko da rabi ne, a koma gidan rediyon nan a faɗa, a kira sunansa, a gayyace shi ya yanke zare. Takarda ta gaba da za ku kai, a kan teburinsa ko na wanda ya gaje shi za ta sauka.